Fashin Baƙi: Sana'ar Gado Ko Talaucin Gado? Masu Awarwaron Firozabad Da 'Yan Jari-Bolan Delhi

Idan yaro ya tashi ya tarar da ubansa yana wata sana'a shi ma ya kama, a wurinmu abin yabo ne. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji magabata. To me ya sa idan aka zo maganar yaran da ke haɗa awarwaron gilashi a garin Firozabad na Indiya, ko masu tsince-tsince a jujin birnin Delhi, sai a ce an zalunce su, alhali su ma sana'ar gidansu suka tarar?

Tambayar ta sake tasowa bayan rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF suka fitar a watan Yunin 2025, wanda ya ce yara kusan miliyan 138 ne ke aikin ƙarfi a duniya, kimanin miliyan 54 daga cikinsu aiki mai haɗari. Rahoton da ya gabace shi, mai ɗauke da alƙaluman 2020, ya nuna abin da mutane ba su cika lura da shi ba: kashi 72 cikin 100 na wannan aiki a cikin iyali ake yin sa. Wato yawancin yaran nan ba wani baƙo ne ya sace su ya kai masana'anta ba. A gaban uwa da uba suke aiki. Shi ya sa duk inda aka tayar da zancen sai a ji magana biyu. Wani ya ce iyayen ne ba su da tausayi, wani ya ce a bar mutane da al'adarsu. Duka biyun sun tsallake ainihin wurin da gizo ke saƙar.

Ina iyakar taya iyaye aiki?

Ba duk aikin da yaro ya yi ake ƙirgawa ba. Yarinyar da ta taya uwarta wanke-wanke, ko yaron da ya tsare shagon ubansa bayan an tashi daga makaranta, ba su ne ake magana ba. Ma'aunin da ake amfani da shi uku ne: shekarun yaron, yawan sa'o'in da yake yi, da irin aikin. Idan aikin ya hana shi karatu, ko yana cin lafiyarsa, ko ya fi ƙarfin shekarunsa, ya shiga cikin lissafi ko da kuwa a ɗakin uwarsa yake yin sa. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta sami yara kimanin miliyan 10.1 masu shekara 5 zuwa 14 suna aiki. Sarrafa gilashi da tsince-tsince a bola duka suna cikin ayyukan da dokar ƙasar ta lissafa a matsayin masu haɗari.

Yadda awarwaro ke fitowa daga wuta

Firozabad yana jihar Uttar Pradesh, tazarar kilomita 40 ko makamancin haka daga Agra inda Taj Mahal yake. Mafi yawan awarwaron gilashi da matan Indiya ke sawa, wanda iyayenmu ke ce wa ƙarau, daga nan yake fitowa. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ya san darajarsa. A al'adar Hindu awarwaro shaidar aure ne, amarya ba ta fita ba shi, kuma a wurare da yawa idan miji ya mutu akan fasa na hannun matarsa. Don haka kasuwarsa ba ta mutuwa.

Aikin yana farawa ne a masana'anta, inda ake narkar da yashi da soda a tanderun da zafinsa ya haura digiri 1,200. Wani ya zura dogon sandan ƙarfe ya ɗebo curin narkakken gilashi, ya ruga da shi tsakanin mutane, wani ya ƙara masa launi, wani ya sake gasa shi. Daga nan sai gwanin aikin, wanda suke kira tarwala, ya riƙa jan gilashin kamar zare yana naɗewa a jikin wani sanda da ake juyawa, har ya zama doguwar murɗaɗɗiyar igiya. Sai a tsaga ta a tsaye. Kowane zobe ya fito da baki a buɗe, bakin nan biyu ba su ma daidaita da juna ba.

A nan masana'anta ke cire hannunta. Ɗan kwangila, thekedar a bakinsu, shi zai kwashi zobban a ɗaure-ɗaure, kowane ɗauri, wanda suke kira tora, yana da awarwaro sama da 300, ya loda a keke ko amalanke ya rarraba gida-gida a unguwannin talakawa. A cikin gidajen ake yin aiki biyu da suka rage: jhalai, wato daidaita bakin zoben a kan wuta, da judai, wato liƙe shi.

Ɗakin da ake judai ƙarami ne. An jera bakunan wuta ƙanana kamar na fitilar aci-balbal, na kananzir ko na gas, mutanen gida suna zaune a ƙasa kowa da nasa harshen wutar. Ana ɗaukar zobe, a kara bakinsa a wuta na ɗan daƙiƙoƙi, a matse, a ajiye, a ɗauki wani. Ba a kunna fanka, ba a buɗe taga, domin iska kaɗan za ta kaɗa harshen wutar ta ɓata aiki, kuma wannan gari ne da zafinsa kan haura digiri 40 a bazara. Ido yana kan wuta tun asuba, hayaƙi yana shiga ƙirji, ɓaraguzan gilashi suna ƙasa inda ƙananan yara ke rarrafe. Raunin gani, tari, ƙuna da ciwon baya su ne cututtukan da aka san masu wannan aiki da su.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne yadda ake biya. Ba a biyan yini, ba a biyan wata. Ɗauri ake ƙirgawa, kuma ladan kowane ɗauri 'yan rupi ne kaɗan. Wanda ya fashe a hannunka a jikinka yake. Magidanci shi kaɗai, ko ya kwana yana yi, ba zai haɗa abin da zai ciyar da gida ba. Idan matarsa ta zauna, lissafi ya ɗan matso. Idan 'ya'ya uku suka zauna, tukunya ta hau wuta. Ɗan kwangila bai ɗauki yaro aiki ba, sunan yaron ba ya cikin littafin kowa, amma farashin da ya yanka an gina shi ne a kan cewa hannun yaron zai shiga.

Dutsen shara na Ghazipur

A gabashin Delhi akwai jujin Ghazipur. An buɗe shi a 1984, ya cika tun 2002, aka ci gaba da zubawa. Zuwa 2019 tsayinsa ya kai kimanin mita 65, saura kaɗan ya kamo Taj Mahal mai mita 73. A watan Satumban 2017 wani ɓangarensa ya zaftaro ya kashe mutum biyu, kuma gobara takan tashi a cikinsa saboda iskar da ruɓaɓɓiyar shara ke fitarwa, kamar yadda ta faru a watan Afrilun 2024. Akwai irinsa a Bhalswa da Okhla. Birnin yana fitar da shara kimanin tan 11,000 kowace rana.

A gindin waɗannan duwatsu, da unguwanni irin su Seemapuri da ke bakin iyakar Delhi da Uttar Pradesh, dubban iyalai ke zaune, abincinsu yana cikin abin da wasu suka zubar. Mu da muka san 'yan jari-bola da 'yan gwangwan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Buhu a kafaɗa, ƙugiyar ƙarfe a hannu, wani lokaci da mayen ƙarfe ɗaure a sanda. Da yamma a zazzage buhu a ƙofar ɗaki, a zauna rarrabewa: robar ruwa daban, leda daban, kwali, gwangwani, wayar tagulla, har gashin mata da aka taje aka yar, domin shi ma yana da masu saye kuma yana da tsada. Rarrabewar nan ita ce aikin mata da yara. Yaro ɗan shekara bakwai yana iya bambance roba iri-iri da taɓawa kawai. Allurar asibiti, fasasshiyar kwalba da cizon kare kuwa abin yau da gobe ne.

Mai tsince-tsince yana sayar wa ƙaramin dillali, kabadiwala, shi kuma ya sayar wa babba, babba ya kai wa masu narkarwa. Kowane mataki riba tana ƙaruwa, haɗari yana raguwa. Wanda ya sa hannunsa cikin ƙazantar shi ne mafi ƙarancin samu. Sau da yawa dillalin nan shi ne mai ɗakin da iyalin ke kwana, shi ne mai ba da kafin alƙalami idan ciwo ya zo, da sharaɗin ba za a sayar wa kowa kaya ba sai shi, a kan sikelinsa, a farashinsa.

Da yawa daga mazauna Seemapuri Musulmi ne masu jin harshen Bengali. Wasu iyayensu sun zo ne daga Bangaladash a zamanin yaƙin 1971, wasu kuma 'yan ƙasa ne daga jihohin Bengal ta Yamma da Assam. Amma harshen kaɗai ya isa a riƙa yi musu kallon baƙin haure. Wanda ke fargabar a tambaye shi takarda ba ya kai ƙarar dillali, ba ya zuwa ofis neman haƙƙi.

Me ake gada a nan?

Nan ne kwatancen da muka fara da shi yake rabuwa. Ɗan maƙeri a ƙasar Hausa idan ya gaji ubansa, ya gaji maƙera da uwar maƙera da zugazugi, ya gaji manoman da ke kawo garma duk damina, ya gaji sirrin gida, wataƙila har da sarautar Sarkin Maƙera. Shi ke yanka farashin aikinsa. Ko masu gilashin unguwar Masaga a Bida, waɗanda su ma awarwaro da duwatsun wuya suke yi, wutarsu tasu ce, kayan da suka ƙera nasu ne. Yaron Firozabad bai gaji tanderu ba, bai gaji gilashin ba, bai san wanda zai sayi awarwaron ba. Abin da aka bar masa shi ne wurin zama a gaban wuta, da bashin da ke kan gidan. Ɗan mai tsince-tsince ko jujin ba nasa ba ne, rana ɗaya hukuma tana iya ba wa kamfani kwangilarsa a kore shi.

Sannan akwai tsarin jinsi na Indiya, wanda ya raba mutane tun daga haihuwa zuwa dubban ƙungiyoyi da ake kira jati, kowace da sana'ar da aka san ta da ita, kowace tana aure a cikinta. A can ƙasa akwai Dalit, waɗanda a da ake cewa ko taɓa su ƙazanta ne, kuma su aka bar wa shara, jima da kwashe bayan gida. A ƙidayar 2011 sun kai kashi 16.6 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Dokta B. R. Ambedkar, wanda shi kansa Dalit ne kuma shi ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya, ya yi bayani tun 1936 cewa wannan tsari bai tsaya ga raba aiki ba, ma'aikatan kansu yake rabawa ya jera su wani a kan wani. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar taɓawa, amma har yau mafi yawan masu aikin shara daga waɗannan gidaje suke fitowa.

Abin da zai ba mai karatu Musulmi mamaki shi ne tsarin bai bar Musulmin Indiya ba. Akwai gidajen Musulmi irin su Shishgar da Manihar da aka san su da gilashi da awarwaro kaka da kakanni, kuma ana lissafa su a ƙasa-ƙasa. Ga kuma wani ƙulli: umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya keɓe guraben karatu da aikin gwamnati na Dalit ga mabiya Hindu, aka ƙara 'yan Sikh a 1956 da mabiya Buddha a 1990, amma Musulmi da Kirista ba sa ciki. Musulmin da ke shara yana ɗauke da ƙyamar, ba ya cikin wannan kason.

Kada mu yi saurin wanke kanmu a nan. Mu ma mun san gidajen da ake jan ƙafa idan ɗan mahauci ko ɗan wanzami ko makaɗi ya zo neman aure. Abin bai kai na Indiya tsauri ba, addini ma bai yarda da shi ba, amma ɗanɗanonsa ba baƙo ba ne a bakinmu.

Doka ta hana, me ya sa bai tsaya ba?

Indiya ba ta rasa dokoki ba. Sashe na 24 na tsarin mulki ya hana sa yaro ƙasa da shekara 14 aiki a masana'anta ko wuri mai haɗari. An haramta bautar bashi a 1976. An yi dokar aikin yara a 1986, aka yi dokar ilimi kyauta kuma dole ga 'yan shekara 6 zuwa 14 a 2009. A 2017 ƙasar ta amince da manyan yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan aikin yara.

Dokokin sun yi aiki ta wani gefe. Yanzu da wuya a ga yara suna gudu da narkakken gilashi a manyan masana'antu kamar yadda aka saba gani a shekarun 1980. Sai dai aikin ya koma cikin gidaje, inda jami'in duba ma'aikata ba ya shiga. Gyaran da aka yi wa dokar a 2016 ya haramta ɗaukar duk yaron da bai kai 14 ba aiki kowane iri, ya tsananta hukunci zuwa ɗaurin wata shida har shekara biyu ko tarar rupi 20,000 zuwa 50,000, amma ya bar ƙofa: yaro yana iya taimaka wa sana'ar iyali bayan makaranta ko lokacin hutu, in ba mai haɗari ba ce. Gwamnati ta ce ta yi la'akari da halin rayuwar ƙasar, inda 'ya'yan manoma da masu sana'ar hannu ke koyo a gida. UNICEF da masu fafutuka suka ce wannan ƙofa 'ya'yan talakawa da na ƙasan jinsi za ta fi cutarwa, tunda su ne sana'ar gado ta ɗaure. A ganina masu sukar sun fi gaskiya, domin kayan da ɗan kwangila ya kawo gida ba sana'ar iyali ba ce, aikin masana'anta ne da aka canza masa ɗaki.

Wani abin da ya ƙara matse Firozabad daga waje ya zo. A watan Disambar 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta umarci masana'antun da ke kewayen Taj Mahal su daina ƙona kwal su koma iskar gas, saboda hayaƙi yana ɓata farin dutsen ginin. Iska ta ɗan gyaru, amma tun daga lokacin ribar masana'antun ta rataya a kan farashin gas. Duk lokacin da ya tashi, ko awarwaron roba da na ƙarfe suka ci kasuwa, mai masana'anta ya matse ɗan kwangila, ɗan kwangila ya matse ladan ɗauri. Soke manyan takardun kuɗi a watan Nuwambar 2016 da kullen korona na 2020 duk a kan waɗannan gidaje suka fi sauka, tunda kullum sai an fita ake ci.

A hana kwata-kwata, ko a bi a hankali?

Ɓangare ɗaya, irin su Kailash Satyarthi wanda ya kafa ƙungiyar ceto yara ta Bachpan Bachao Andolan a 1980 kuma ya sami kyautar Nobel a 2014 tare da Malala Yousafzai, suna cewa aikin yara shi kansa yana haifar da talauci. Yaron da ya bar aji ya zauna gaban wuta zai girma ba shi da wata sana'a, idonsa ya raunana da wuri, sai shi ma ya zaunar da ɗansa. Kuma muddin akwai hannun yara mai arha, ladan manya ba zai tashi ba.

Ɗaya ɓangaren suna tunatarwa da abin da ya faru a Bangaladash a 1993, lokacin da aka gabatar da wani ƙuduri a majalisar Amurka na hana shigo da kayan da yara suka yi. Masana'antun ɗinka tufafi suka sallami yara kimanin 50,000, kuma binciken da aka yi daga baya ya gano da yawa ba makaranta suka tafi ba, sun faɗa ayyukan da suka fi muni, irin su fasa dutse. Hujjarsu ita ce idan ka cire hannun yaro daga aiki ba ka cike gurbin kuɗin da yake kawowa ba, yunwa ce za ta mayar da shi.

Ni dai ban ga saɓani mai zurfi tsakaninsu ba. Uwar da ta zaunar da 'yarta a gaban wuta ta fi kowa sanin illarta, domin idonta ne ya fara lalacewa. Lissafi ne ya ci ta. Shi ya sa abincin rana da ake dafawa a makarantun gwamnati, wanda Kotun Ƙoli ta wajabta a 2001, ya jawo yara da yawa aji: ya sauke wa gida nauyin ciki ɗaya.

Abin da matan Pune suka yi

A birnin Pune na jihar Maharashtra, masu tsince-tsince, yawancinsu mata Dalit, sun kafa ƙungiyar ƙwadago a 1993 mai suna Kagad Kach Patra Kashtakari Panchayat, wato ƙungiyar masu aikin takarda, kwalba da gwangwani. Farkon abin da suka nema katin shaida ne daga hukumar birni, don ɗan sanda ya daina ɗaukarsu ɓarayi. Suka kafa asusun bashi nasu don su fita daga hannun dillali. Daga baya suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta SWaCH, wadda ta ƙulla yarjejeniya da hukumar birnin a 2008. Yanzu mata sama da 3,000 ne ke bin gida-gida da amalanke suna karɓar shara tun daga ƙofa, masu gida suna biyansu duk wata, kuma abin da suka rarrabe nasu ne su sayar. Ƙungiyar ta tsaya kan cewa 'ya'yan mambobinta makaranta za su je, ta kuma yi gwagwarmaya har aka sa su cikin tallafin karatu na gwamnati. Dokokin sarrafa shara na 2016 sun umarci hukumomin birane a duk ƙasar su yi wa masu tsince-tsince rajista su shigar da su cikin tsarin, ko da yake birane da yawa sun fi son ba wa manyan kamfanoni kwangila ko gina injin ƙona shara, wanda ke cinye robar da talaka ke rayuwa a kanta.

A Firozabad irin wannan haɗin kai ya fi wuya. Matan Pune suna haɗuwa a titi da bakin juji, sun san juna, kuma hukuma guda ce a gabansu. Masu liƙa awarwaro kowa yana cikin ɗakinsa da taga a rufe, 'yan kwangila suna da yawa, kuma gidan da ya ce ladan ɗauri ya yi kaɗan, gobe amalanken zai wuce ƙofarsa ya sauke a ta maƙwabci.